Makullin Tiyata

Shafi na 19

Masu karatu da ke turo mini saƙo cewa in bar Barakatu ta rayu, ku yi haƙuri. Ba ni na kulle ƙofar ba.

* * *

Abin da muka ɗauko a motar:

Tabarma.

Bokiti.

Fulas ɗin kunun kanwa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Zannuwa, duk sun jiƙe.

Ledar ƙarin ruwa, a rataye jikin ƙofa.

Jaririya, a naɗe cikin farar rigata ta aiki.

Sai yayata, Barakatu.

Motar asibiti ba ta da mai, sai muka tare ta haya a bakin titi. Aka yi dace Jamilu ne, ɗaya daga cikin direbobin Baba. Ya sauke fasinjojinsa tun ban roƙe shi ba, ya kwantar da kujerar baya. Alhassan, mijin Yaya, yana gaba da jaririyar a cinya. Ya riƙe ta a sandare kamar bai taɓa haihuwa ba, alhali ita ce ta huɗu.

Ni ina baya a durƙushe, na danne mata mara da duk ƙarfina. In na sassauta, jini ya taho. In ban sassauta ba, ya taho a hankali. Bambancin ke nan.

Mun wuce mararrabar Moriki ta buɗe ido.

"Saude."

"Na'am, Yaya."

"Ina muke?"

"Mun kusa Kaura."

"Ƙarya. Tun kina ƙarama, in za ki yi ƙarya girarki ke ɗagawa."

Na sauke girar.

"Mi anka samu?"

"Mace."

"Da gashi?"

"Cunkus."

"Na gaya maku. Ƙwannahin nan ba na banza ba ne."

Alhassan ya yi wata dariya da ta karye a tsakiya.

Muka faɗa rami, ledar ruwan ta yi lilo. Jamilu ya ce, "Sannu Dakta, sannu, hanyar ce."

"Saude."

"Ina ji."

"Mi ya hana ki yi mani aikin can?"

"Ƙofar a kulle take, Yaya."

"Ke ba likita ba ce?"

"Likita ce."

"To."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Irin "to" ɗin da take cewa ne in an ce mata gishiri ya ƙare. Ta lumshe ido. Na laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta ya bi nawa.

Kafin Sakajiki na kai yatsa wuyanta, ban ji komai ba. Na yi abin da aka koya mini. Na yi ta yi har hannuwana suka mutu. Sannan na zare allurar daga hannunta, na ja zani na rufe mata fuska.

Jamilu ya kalle ni ta madubi.

"Dakta, asibiti za mu, ko..."

"Gida."

* * *

Ga wanda yau ya shigo labarin: sunana Saudat. A Sudan na yi karatun likita. A babban asibitin da na yi aikin koyo na buɗe ciki ban san adadi ba. Da na dawo gida aka tura ni wani asibiti tsakanin Shinkafi da Zurmi. Ba na faɗin sunansa.

Mu uku ne likitoci. Dakta Mahmuda, shugaba. Dakta Shamsuddeen, wanda na riga gama karatu. Sai ni. Makullin ɗakin tiyata biyu ne. Ba sai na gaya muku wanda ba shi da shi ba.

Tun zuwana ɗakin awon ciki aka ajiye ni. In auna, in rubuta maganin ƙarin jini, in ce a dawo wata mai zuwa. Duk ranar da na yi maganar makulli sai Dakta Mahmuda ya yi murmushi.

"A hankali, Dakta. Ki saba da wuri tukuna."

Ranar Juma'a da safe aka kawo Yaya daga Badarawa. Ta haihu a hannuna. Sai jini ya ɓalle. Na yi duk abin da ake yi a ɗakin haihuwa, bai tsaya ba. Mahaifar ce ta tsage daga ciki. Maganinsa ɗaya: a buɗe, a ɗinke ko a cire.

Malam Armiya'u mai allurar barci yana nan. Janareta na aiki. Jinin Alhassan ya dace da nata, har ya naɗe hannun riga. Ni ma ina nan.

Shamsuddeen ya tafi Gusau wajen iyalinsa da makullinsa a aljihu. Dakta Mahmuda yana wajen taro. Nasa makullin yana rataye a ƙusa a falonsa, cikin harabar asibitin. Daga ƙofar tiyata ana hango tagar. Matarsa ta ce sai da izininsa. Na kira shi.

"Ki tura ta Kaura."

"Ba za ta kai ba."

"Ki tura ta Kaura, Dakta."

Ya kashe wayar.

Ƙofar ta ƙarfe ce, an sa ta tun da aka taɓa yin sata. Alhassan da maigadi suka yi ta dukanta da taɓarya har taɓaryar ta tsage.

Sauran kun karanta a sama.

* * *

An kai ta bayan la'asar.

Inna ba ta yi kuka ba. Barakatu 'yar fari ce, Inna kuma irin matan zamanin da ce. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Waccan" take ce mata, ko "yayarku". Da muka shigo da gawar ta dubi ƙafafun da suka leƙo, ta ja zani ta rufe su. Ta karɓi jaririyar daga hannun Alhassan. Ta ce a ɗora ruwan zafi. Ta shige ɗaki.

Mata suka yi ta cewa, "Kai, Hajiya akwai tawakkali."

Ni na zauna a bakin rijiya ina cire jini daga ƙarƙashin farce da tsinken tsintsiya. Wata tsohuwa daga dangin Alhassan ta dafa kafaɗata.

"Sannu, nas. Da likita na nan, da wataƙila an dace."

Na ce, "Wataƙila."

* * *

Washegari da hantsi aka ce Baba na kirana a falonsa.

Alhaji Muhtari. Duk tashar Kaura babu wanda bai san muryarsa ba. Na same shi a ƙasa kan darduma da carbi, kamar an rage masa tsawo. A kan kujera kuwa Dakta Mahmuda ne, farar shadda, turarensa ya cika ɗakin.

Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Dakta," in ji shi. "Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari."

"Amin. Ka zo da shi?"

"Da me?"

"Makullin."

Baba ya ɗago.

"Saude. Gaisuwa ya zo."

"Na amsa gaisuwar, Baba."

Dakta Mahmuda ya gyara zama. "Bar ta, Alhaji. Zafin rashi ne. Dakta, ke mai ilimi ce, kin san idan kwana ya ƙare babu likitan da ke ƙara shi."

"Kwana na Allah ne. Makulli naka ne."

"'Yar'uwarki ce. A ina aka koya miki ki sa wa jininki wuƙa? Hannu rawa yake yi."

"In akwai wani likitan, haka ne. Akwai?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Matar da aka kawo daga Zurmi da damina, wadda ɗa ya gicce mata, ita ma yayata ce? Ita ma Kaura ka ce. Bafulatanar da aka kawo a amalanke fa? Ita ma jinina ce?"

"Waɗannan sun kai."

"Ɗaya ta kai. Ɗayar ta kai, ɗan bai kai ba."

"Saude," in ji Baba. "Ya isa."

"Bai isa ba, Baba. Tambaya ɗaya nake so ya amsa. Ka taɓa ganina a tiyata?"

"A'a," in ji Dakta Mahmuda.

"Ka taɓa ganin na yi kuskure?"

"A'a."

"Ka karanta takardun da na zo da su?"

"Na karanta. Masu kyau ne."

"To me na yi maka?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Da ya mai da shi, ba ni ya kalla ba.

"Ka gani ko, Alhaji? Abin da nake gudu ke nan. Na riƙe maka amana, yau ni ne mai laifi."

Carbin Baba ya tsaya.

Na ce, "Wace amana?"

Na juya wajen Baba.

"Baba. Wace amana?"

Na tuna ranar da na kama aiki. Baba da kansa ya kai ni, da sabuwar babbar riga, ya hana direba tuƙi. A ofis ya kama hannun Dakta Mahmuda da hannu biyu ya ce, "Ga ɗiyata nan, amana." Haka ake yi. Haka aka yi da aka kai ni sakandare, haka aka yi da aka kai Yaya gidan miji. Na ji daɗi ma a ranar. Sai aka ce in je in duba ɗakin da aka ba ni. Na fita, na bar su su biyu.

"Da na fita," na ce, "me kuka ce?"

Baba ya dubi darduma.

"Alhaji, ka faɗa mata ko in faɗa."

"Ni za ni hwaɗa."

Muryarsa ba ta tasha ba ce. Wata ce daban, siririya.

"Sa'ad da kina can, kin aiko da hoto. Kin sa koren tuhwa, kin ruhe baki, hannunki a sama da safa. Na ji daɗi, na nuna a tasha. Sai wani ya ce, Alhaji Muhtari ya tura ɗiya ƙasar waje ta dawo mahauciya. Anka yi dariya. Ni ma na yi."

"Sai me?"

"Sai abin ya bi ni. In na shigo, a ce ga baban mahauta. Wani ya ce wa za ya auri macen da ta saba da yanka. Saude, gidanmu mace ko kaza ba ta yankawa. Innarki har gobe sai ta aika a kira namiji."

"Me ka ce masa?"

"Na ce a bar ki wajen mata. Awo da magani. Kada a ba ki wuƙa sai kin yi aure. In mijinki ya yarda, ruwanshi."

Na dube shi.

"Baba, a zatonka me na je koyo?"

"Likita."

"Kai ka kai ni filin jirgi. Kai ka hana 'yan'uwanka magana da suka ce mace ba ta nisa."

"Ni ne."

"To don me?"

"Ina son a ce ɗiyata likita ce."

"A ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Da ƙaramar salla, nan ɗakin, ka ce wa Yaya ta taho Kaura ta haihu. Ka tuna abin da ta ce?"

Ya rufe ido.

"Ta ce, ni da ke da likita a gida, mi za ya kai ni layi? Ta ce ko ciki ne Saude na buɗewa. Kana zaune a inda kake yanzu. Ka ji ta."

"Na ji."

"Ba ka ce komai ba."

"Uku ta haihwa lahiya. Na ɗauka wannan ma haka ne. Wallahi Saude, ban san ƙohwa ce za a kulle ba. Ban san akwai ranar da ke kaɗai za ki rage ba."

Na juya wajen Dakta Mahmuda. Ya samu sauƙi, na gani a kafaɗarsa. An sauke masa kaya an aza wa wani.

"Shi bai sani ba," na ce. "Kai ka sani."

"Uba ne ya roƙe ni. Dattijo, har ofis. In ce masa a'a?"

"Da baban Shamsuddeen ne ya zo ya ce kada a ba ɗansa wuƙa fa?"

Har ya fara murmushi kafin ya tuna inda yake.

"Wannan daban."

"Da me?"

"Shi ai ba wanda ya rako shi."

"Likita aka turo maka. Kai kuma ɗiyar Alhaji ka karɓa."

"Tunda kina son gaskiya, to ki ji." Ya ɗan matso gaba. "Ko Alhaji bai zo ba, da sai na yi tunani. Na yi aiki da mata kafin ke. Ka horar da ita, ka sakar mata tiyata, gobe ta yi aure ta bi miji birni. Ko ciki ya zo, a bar ka da aiki. In an samu matsala kuma, gari ya ce mace ya bari ta yanka musu mutum. Wa za a zaga? Ni."

"Jiya wa ya bi iyalinsa birni? Ni ko Shamsuddeen?"

Ya mai da bayansa jikin kujera, na ɗora.

"Matan ƙauyukan nan a gida suke mutuwa don kada namiji ya buɗe su. Don haka aka tura mu karatu. Na dawo, ka zaunar da ni ina raba ƙwayar ƙarin jini."

"Ya wuce, Dakta."

"Jiya aka binne ta."

Ya numfasa. Ya sa hannu a aljihu. Da ya sake magana, muryarsa ta yi laushi, irin wadda yake yi wa dangin marar lafiya.

"Armiya'u ya ce kin rantse za ki kai magana hukuma a Gusau. Ba zan hana ki ba. Amma za su tambaye ni dalili, ni kuma ba zan yi ƙarya ba. Zan faɗi wanda ya roƙe ni. Alhassan zai ji. Tasha za ta ji. Hajiya za ta ji."

Baba ya zabura kamar an taka shi.

"Dakta, don Allah. Na janye. Na janye maganata. Ba ta abin."

"Ka tabbata, Alhaji?"

"Ba ta."

Ya fito da shi. Ƙaramin makulli ne, ɗaure da guntun bandeji da ya yi dauɗa. Kullum ina ganin Shamsuddeen yana kaɗa irinsa a yatsa.

Bai miƙo mini ba.

Ya sunkuya ya ajiye shi a kan darduma, gaban Baba.

Baba ya tura shi da yatsu biyu har ya iso gwiwata.

"Ɗauki, Saude. Na yarda."

Na dube shi a nan ƙasa. Jiya da hantsi nake son sa. Na so in bar shi a wurin, in tashi. Sai na tuna akwai wasu matan masu zuwa haihuwa, kuma ba su san Alhaji Muhtari ba, ba su san amana ba.

Na ɗauka.

Dakta Mahmuda ya sauke ajiyar zuciya.

"Madalla. Magana ta mutu a ɗakin nan. Ki huta har a yi bakwai, aiki ba ya gudu."

Ya yi addu'a, Baba ya shafa. Ni ban ɗaga hannu ba. Ya sa takalmi ya fita, turarensa ya tsaya.

* * *

Na yunƙura zan tashi.

"Saude."

Na koma.

Bai taɓa kuka a gabana ba. Ko yanzu ba kuka ba ne sosai. Ruwa ne kawai ke bin gemunsa yana ɗiga a riga, bai share ba.

"Ni na kama makara jiya. Mutane na cewa Alhaji kawo a karɓe ka, na ƙi. Na san nauyin wa na ɗauka."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ki zage ni. Na halatta maki."

"Ba a koya mini ba."

"To ki yi mani abu guda. Innarki."

"Me ya same ta?"

"Kada ta ji. Kin ga ba ta yi kuka ba? Ni na san ta. Tun da anka haihi yayarki, in ta yi zazzaɓi, innarki ba ta kallonta gaban mutane. Sai kowa ya watse ta ɗauke ta ta yi ta shinshina. Ba ta da kamarta, har ke. In ta ji bakina ne, ba za ta yi hwaɗa ba. Za ta ci gaba da kawo mani tuwo, tana gaishe ni, har in mutu ba ta sake dubana ba."

"Ka san ta."

"Na rasa ɗiya. Ki bar mani innarki."

Wannan mutumin ne ya riƙe mini jaka a filin jirgi, ya juya baya don kada in ga fuskarsa. Shi ne yake kirana kowace Juma'a ya tambaya ko na ci abinci. Ban daina ganin wannan ba. Da na daina, da ya fi sauƙi.

"In na yi shiru, Baba, wadda za a turo bayana fa? Ita ma ubanta zai rako ta."

"Kin samu makulli."

"Kai ka ba ni. Gobe wani ya yi dariya a tasha, ka karɓe."

"Wallahi ba ni karɓewa."

"Mijin da ka ce fa? Shi ma za ka rantse a madadinsa?"

Ya damƙe carbinsa.

"Ki yi tunani. Shi kaɗai na roƙa."

Na tashi. A bakin ƙofa na tsaya neman takalmina. Ɗaya nawa ne, ɗaya na Yaya, ruwan toka mai tsinkakken maɗauri. Tun jiya nake yawo da su haka, babu wanda ya gaya mini.

* * *

Tsakar gida cike da mata. Ana ta shigowa da kwanonin abinci, ana "ya haƙuri", ana "da godiya". Yaran Yaya uku suna gindin bango suna cin ƙosai. Ƙaramin yana ta waigen ƙofa duk sanda aka yi sallama.

Na ratsa su na shiga ɗakin Inna.

Ita kaɗai ce. Tana bakin gado da jaririyar, tana ɗiga mata madara da ƙaramin cokali. Fulas ɗin kunun kanwar yana gefenta. Wani ya shigo da shi daga mota, har yanzu ba a buɗe ba. Farar rigata tana ninke a kan filo, an wanke ta, jinin bai gama fita ba.

Ba ta ɗago ba.

"Baƙon ubanki ya tahi?"

"Ya tafi."

"Shi ne babban naku?"

"Shi ne."

Ta goge wa jaririyar baki da gefen mayafi. Ta shafa gashin kan, cunkus, baƙi wuluk.

"Mi ke hannunki?"

Na buɗe. Ta dubi makullin, ta dubi bandejin.

"Na ƙohwar?"

"Na ƙofar."

"Yau anka ba ki."

"Yau."

Ta ci gaba da ɗiga madarar. Daga falo na jiyo tarin Baba. Na san tafiyarsa, na ji ya fito tsakar gida, mata suna gaishe shi, yana amsawa a gajarce. Takunsa ya nufo nan.

Inna ta ajiye cokalin. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Saude. Alhassan ya ce kin yi ta roƙo a waya. Ya ce kin ce kin iya. Ni ban yi boko ba, amma na san ba a hana mai iyawa sai da dalili."

"Inna..."

"Mi ya kashe mani Barakatu?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, harafi harafi, kamar abin da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati.

Baba ya iso. Ya tsaya daga waje, hannunsa a kan labule. Bai yi sallama ba. Ya dube ni kawai, ya girgiza kai sau ɗaya.

Na dube shi. Na so ya ga ban tsane shi ba. Ban sani ba ko ya gani.

Na mai da ƙofar, na sa sakata.

"Kwantar da ita, Inna, ki zauna sosai. Zan faɗa miki duka. Litinin kuma in faɗa a Gusau, da sunan kowa. Kuma ba mai raka ni."